Kafin Ka Sayi Babbar Kyamara, Ka San Gilashinka na Biyu

Duk wanda ya yi niyyar sayen kyamara a wannan zamani ya kamata ya tuna cewa akwai wata kyamarar a aljihunsa, wato wayarsa, kuma zuwanta ya sauya lissafin gaba ɗaya. A shekarar 2010, alƙaluman CIPA, ƙungiyar kamfanonin ƙera kyamara da ke Japan, sun nuna cewa an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya, mafi yawansu ƙananan nan da ake ratayawa a wuyan hannu. Zuwa 2023 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 8. Ba daina ɗaukar hoto mutane suka yi ba, hasali ma ba a taɓa ɗaukarsa kamar yanzu ba. Waya ce ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori masu araha, ta bar wa mai saye zaɓi biyu kawai masu ma'ana, ko dai ƙaramar kyamara mai inganci wadda gilashinta yake manne da jikinta har abada, ko kuma kyamarar da ake cire mata gilashi a ɗaura wani.

Da yake an saba ganina da kyamara a kafaɗa a unguwarmu nan Jos, matasa da magidanta sukan tare ni da tambaya iri ɗaya: "Malam, wacce ta fi, ƙaramar nan ta aljihu ko babbar da ake cire wa baki?" Ni kuma nakan mayar musu da tawa tambayar, cewa idan sun sayi babbar, wane gilashi ne na biyu da za su saya mata, kuma me za su ɗauka da shi. Wanda ya iya ba da amsa nan take, babbar ce tasa. Wanda ya tsaya yana sosa ƙeya kuwa, a ganina zai biya kuɗin abin da ba zai mora ba, ya kuma ɗauki nauyin da zai gundure shi kafin shekara ta zagayo. Dalilin wannan hukunci nawa yana buƙatar ɗan bayani, domin ya saɓa wa abin da ake faɗi a shaguna.

A bayan gilashin kowace kyamarar dijital akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, wanda ya maye gurbin fim ɗin da masu hoton da suke kaiwa wanki. Shi ne yake karɓar haske ya mayar da shi hoto, kuma girmansa ya bambanta ƙwarai daga wata kyamara zuwa wata. Na ƙananan kyamarori masu araha bai wuce milimita 6 da ɗan ɗoriya a tsawo da milimita 4 da rabi a faɗi ba. Na ƙananan masu tsada, wanda ake ce wa mai inci ɗaya, milimita 13.2 ne da 8.8. Na tsarin Micro Four Thirds, wanda Olympus da Panasonic suka fito da shi a 2008, milimita 17.3 ne da 13. Sai APS-C, wanda yake cikin akasarin kyamarorin da ake gani a hannun masu hoton biki, mai kimanin milimita 23.5 da 15.6, kodayake na Canon ya ɗan gaza haka. A sama kuma akwai cikakke, mai milimita 36 da 24, daidai da girman fim ɗin da. Idan aka auna faɗin filinsu, mai inci ɗaya ya ninka na mai araha kusan sau huɗu, APS-C ya ninka mai inci ɗaya kusan sau uku, cikakken kuma ya ninka APS-C fiye da sau biyu.

Amfanin wannan girma ba ya bayyana sai haske ya yi ƙaranci. Wanda ya tara daro a tsakar gida da wanda ya tara kofi, idan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kowa zai cika abinsa. Sai ranar da aka yi yayyafi ake sanin wanda ya tara abin kirki. Da hantsi a filin idi, kowace kyamara tana fitar da hoto mai kyau, har da wayar da ba ta kai ta kawo ba. Amma bayan magariba, a falon da ƙwan fitila ɗaya ne yake ci, ƙaramin sensa sai ya fitar da hoto mai ɗige-ɗige, launi ya dagule, zaren aikin hula ya haɗe ya zama abu ɗaya. Yawan megafiksel da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba ya maganin wannan, kuma ba zan ɓata lokaci a kansa ba, domin kowace kyamarar kirki ta shekaru goman nan tana da abin da ya isa a wanke hoto babba a rataya a bango.

Idan aka tsaya a nan, sai a ce babbar kyamara ta yi nasara, kuma a nan ɗin masu shago suke tsayawa. Sai dai sensa rabin labari ne, ɗaya rabin yana wurin gilashi, musamman ƙofar da haske yake bi ya shiga. Ana rubuta girman wannan ƙofa da harafin f da lamba a gabansa, kuma ƙanƙantar lambar ita ce girman ƙofar. Gilashin da ake haɗo babbar kyamara da shi a kwali ɗaya, wanda kusan kullum mai milimita 18-55 ne, wato yana gani da faɗi a 18 yana jawo abu kusa a 55, ƙofarsa tana farawa daga f/3.5, idan an jawo abu kusa kuma ta tsuke ta koma f/5.6. Ƙaramar kyamara irin Canon PowerShot G7 X Mark III, wadda ta fito a 2019 da sensa mai inci ɗaya, tata ƙofar tana farawa daga f/1.8 ta ƙare a f/2.8. Ƙofar f/2.8 tana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, f/1.8 ma kusan ninki huɗu ne na f/3.5. To ga babbar da sensa mai ninki uku, ga ƙaramar da haske mai ninki huɗu. Idan aka haɗa lissafin sai a ga sun yi kunnen doki, har ma ƙaramar ta ɗan leƙo gaba. Ma'ana, mutumin da ya sayi babbar kyamara ya zauna a kan gilashin da ta zo da shi yana ratayar ninki biyu na nauyi ne domin ya samu hoton da abokinsa yake samu da abin da yake shiga aljihun kaftani.

Na san magidanta da yawa a garin nan da suke cikin wannan hali. Sun sayi Canon ko Nikon a lokacin da aka yi musu haihuwar fari, sun yi ta ɗauka ranar suna da sallar da ta biyo baya, daga nan jakar ta koma saman wadirob, gilashin da aka ɗaura mata ranar farko bai taɓa sauka ba. Kyamarar ba ta yi laifin komai ba. An saye ta ne saboda damar sauya gilashi, kuma ba a taɓa amfani da damar ba.

Abin da yake raba gardama shi ne gilashi na biyu, kuma mafi araharsa shi ne mai milimita 50 da ƙofar f/1.8. Na Canon mai alamar STM, da ya fito a 2015, kimanin dala 125 aka sa masa, Nikon da Sony ma suna da irinsa. Ba ya jawo nesa kusa, ƙafarka ce za ta matsa gaba ko ta ja baya, amma yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da gilashin kwali yake shigarwa a daidai wannan nisan. Na taɓa tsayawa kusa da wata yarinya mai koyon sana'ar a wajen kamun 'yar yayata, a ɗakin da aka sassauke labule, mata sun cika shi maƙil, hasken da ake da shi kuma bai wuce wanda yake satar shigowa ta taga ɗaya ba. Ta ɗauki amarya da gilashin kwali, hoton ya fito da duhu, hannun da ya motsa ya zama hazo. Ta juya baya ta ɗaura mai 50 ɗin, ta sake ɗauka daga inda take, sai ga zanen lallen hannun amarya ya fito layi-layi, gefen mayafinta ya fito tsaf, tarin kwanuka da 'yan kallon da ke bayanta kuma suka narke suka zama launi kawai. Ta miƙo mini allon tana cewa, "Kawu, duba ka gani." Wannan narkewar baya, wadda amare suke so har suna neman mai hoton da ya iya ta, waya tana kwaikwayonta da lissafin kwamfuta, amma takan ci gefen gyale ko ta yanke bakin ɗankwali, gilashi kuwa yana yin ta ne bisa ɗabi'ar haske, ba ya kuskuren gefe.

Sai dai a lura da abu ɗaya game da shi. A kan sensa APS-C, gilashi mai milimita 50 yana gani ne kamar mai 75 ko 80 a kan cikakke, saboda haka a ƙaramin ɗaki mutum zai ja da baya har ya jingina da bango bai haɗa mutum huɗu a hoto ɗaya ba. Wanda yawancin aikinsa na cikin ɗaki ne, mai milimita 35 na Nikon ko siririn nan mai 24 na Canon zai fi yi masa daidai.

Ga wanda zai ci abinci da kyamara, babu wata muhawara, mai sauya gilashi ce tasa. Ɗaurin aure a ƙofar masallaci yana son gilashi mai faɗin gani, walima a ɗakin taro tana son mai babbar ƙofa, wasan ƙwallo a filin Rwang Pam ko hawan sallah a Bauchi yana son dogo mai jawo nesa, kuma babu gilashi ɗaya da yake yin duka ukun yadda ya kamata. Akwai kuma batun filasha. A saman kusan kowace babbar kyamara akwai gurbin da ake ɗora filasha ta waje, wadda ake juya kanta ta haska silin, hasken ya sauko a hankali kan fuskoki, maimakon ya doke su gaba da gaba ya bar goshi yana ƙyalli. G7 X Mark III ba ta da wannan gurbi, wata ƙaramar, Sony RX100 VII, ma ba ta da shi. Sannan ga abin da ba a rubutawa a littafin kyamara amma kowa ya san shi: uwar amarya ba za ta sake kiran mai hoton da ya zo mata da abin da ya yi kama da wasan yara ba, ko da hotonsa ya fi na kowa kyau. Ban ce wannan adalci ba ne, amma haka kasuwar take.

Wanda ya zaɓi wannan hanya ya san cewa ba kyamara ɗaya ya saya ba, wani gida ya shiga. Kusan kowane kamfani yana da nasa bakin da gilashi yake shiga, kuma na wani ba ya shiga na wani. Bakin F na Nikon tun 1959 yake, bakin EF na Canon tun 1987, shi ya sa gilasansu na hannu suka yi yawa a kasuwa, farashinsu kuma ya sauko. Tun da Sony ta fito da A7 a 2013, Canon da Nikon kuma suka biyo da EOS R da jerin Z a 2018, hankalin kamfanonin ya koma kan kyamarori marasa madubi, wato waɗanda aka cire musu madubin ciki da yake tura gani zuwa tagar leƙe, masu sana'a a Turai da Amurka suna ta sayar da tsofaffin masu madubi, su ne kuma suke isowa shagunanmu. Wannan alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin gilashin EF da ya saya yau zai yi aiki a kan sabuwar Canon marar madubi ta hanyar adafta, wato zoben da yake haɗa bakin biyu, duk ranar da Allah ya hore masa. Jikin kyamara yana tsufa ya mutu, gilashi mai kyau kuwa yakan ga jiki biyu ko uku.

Akwai ramuka a wannan hanya da mai shago ba lallai ya nuna maka ba. Ƙananan Nikon masu madubi, jerin D3000 da D5000, ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka tsohon gilashi irin 50 f/1.8D, duk da cewa zai shiga bakinsu daidai, ba zai saita kansa ba, sai an murza shi da hannu. Wanda ya dace da su shi ne mai alamar AF-S. Jerin EOS M na Canon an daina yin sa, kuma gilasansa ba sa hawa sabon bakin RF na jerin EOS R ko da adafta. Nikon 1 da Samsung NX ma gidaje ne da aka rufe. Idan aka ga irin waɗannan da araha mai jan hankali, to dalilin arahar ke nan.

Ita kuma ƙaramar kyamara ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mai arahar nan mai ƙanƙanin sensa ba na ba kowa shawarar sayenta, domin wayar da ke hannun ɗan sakandare a yau tana yin abin da take yi, da daddare ma ta fi ta, tunda waya tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido ta haɗe su ta fitar da ɗaya mai tsabta. Na ga 'yan mata suna neman tsofaffin irinsu saboda launinsu na da da filasharsu mai dukan fuska, wanda ya zama abin yayi a TikTok da Instagram. Wannan sha'awa ce, kuma ba a gardama da sha'awa, amma kada a ce inganci aka saya.

Masu ingancin sun fara ne da Sony RX100 ta 2012, wadda ta cusa sensa mai inci ɗaya cikin jikin da yake shiga aljihu. Samfurinta na bakwai, na 2019, yana gani daga kwatankwacin milimita 24 har 200, nauyinsa kuma gram 300 ne da ɗan kai. Sama da su akwai waɗanda suka ɗauki sensa APS-C sukutum suka manna masa gilashi ɗaya tak marar jawowa: Ricoh GR III, mai gram 257, da jerin X100 na Fujifilm, wanda ya fara shiga kasuwa a 2011. Hoton waɗannan bai gaza na babbar kyamara da komai ba. Abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba shi ne, ba su da araha ko kaɗan. X100VI ta 2024 dala 1,599 aka sa mata, RX100 VII kuma wajen dala 1,200, kuma kowa ya san abin da hakan yake nufi idan aka juya shi zuwa naira. Da kuɗin ɗaya daga cikinsu mutum zai sayi tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu, da gilashi biyu, da filasha, har ya yi ragi. Saboda haka tunanin cewa ƙarama ita ce ta talaka, babba kuma ta mai hali, ya daɗe da juyewa.

Iri na uku shi ne wanda jikinsa ya yi kama da babbar kyamara amma gilashinsa ba ya cirewa, kuma yana jawo nesa fiye da tunani. Nikon Coolpix P900 ta 2015 tana jawowa ninki 83, P1000 ta 2018 kuma ninki 125, kwatankwacin milimita 3,000. Sensansu ƙanƙani ne, da yamma ta yi sun gama aiki, amma suna da wurin da babu mai ture su. A dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, akwai tsuntsaye wajen nau'i 300, kuma ɗalibin da yake son hoton ɗan tsuntsun da ya sauka a kan dutse can nesa da hantsi, don ya tantance wane iri ne, irin wannan kyamarar ce za ta fisshe shi. Gilashin da zai kai wannan nisa a kan babbar kyamara, in ma akwai shi, kuɗinsa da nauyinsa sun fi ƙarfin ɗalibi.

Nauyi kuwa ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake a shago ba a jin sa. Nikon D3500, wadda tana cikin mafi sauƙin masu madubi, ita da gilashin kwalinta sun haura gram 600, kafin a ƙara gilashi na biyu da filasha da batir da jakar da za ta ɗauke su. Wanda ya taɓa hawa duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,800, ya san cewa akwai wuraren da hannu biyu ake buƙata, jakar kuma tana lilo tana bugun dutse. A can ƙaramar kyamara tana aljihun gaba, a zaro ta a ɗauka a mayar kafin abokin tafiya ya gama kwance zif. A cikin gari ma akwai wani nauyin na daban. Ka ɗaga babbar kyamara a Taminus ko kasuwar Farin Gada, nan take fuskoki za su sauya, wani ya tambaye ka ko daga gidan jarida kake, wani ya ce kada ka kuskura ka ɗauki rumfarsa, kusa da shingen jami'an tsaro kuwa ba a ma fara ba. Ƙarama ba ta tayar da wannan ƙura, mai tumatir zai ci gaba da kasa kayansa kamar ba ka wurin. Wannan bai ɗauke wa mutum wajibcin neman izini ba, musamman idan matan mutane ne a gabansa. Abin da nake nufi shi ne izinin ya fi sauƙin samuwa idan abin da ke hannunka bai tsorata kowa ba.

Yanayin Jos yana gwada kowanne daga cikin biyun ta inda yake da rauni. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma duk lokacin da aka cire gilashi, cikin kyamara yana buɗe ne ga iska. A mai madubi aƙalla madubi da labulen shota, wanda yake buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, suna tsaye a gaban sensa; a yawancin marasa madubi kuwa sensan yana nan tsirara yana kallonka. Alamar ƙura ita ce wasu baƙaƙen ɗigo masu dishi-dishi da suke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, sun fi bayyana a sararin sama. Hanyar gane su ita ce a tsuke ƙofar haske zuwa f/16 a ɗauki farar takarda ko farin bango, sai a faɗaɗa hoton a bi shi kusurwa-kusurwa. Maganin kuma ba shi da wuya: a sauya gilashi a cikin mota ko ɗaki, a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa, a mallaki 'yar robar nan mai hura iska, kada kuma a hura da baki ko a goge da gefen riga. Za a zaci ƙaramar kyamara ta tsira tunda ba a buɗe ta, amma gilashinta da yake fitowa yana komawa duk lokacin da aka kunna yana zuƙar iska ne tare da ƙurarta. Idan ƙurar ta kai ga sensa, babu yadda mai ita zai yi sai an warware ta gaba ɗaya, idan kuma tsakuwa ta maƙale a maƙogwaron gilashin ya ƙi komawa, sau da yawa kuɗin gyaran yakan kusa kuɗin wata. A babbar, gilashin da ya lalace kaɗai ake ajiyewa a ɗaura wani a ci gaba da aiki.

Da damina kuma, daga Afrilu zuwa Oktoba, abokin gaba shi ne danshi. Gilashin da aka kulle a jaka aka jefa cikin wadirob wata da watanni yakan yi fumfuna daga ciki, wasu siraran zare farare da suke yaɗuwa a kan gilashin, in sun daɗe kuma su ci rufin da aka yi masa. Mai gilashi huɗu yana da abu huɗu da zai tsare. Roba mai murfi mai kamawa da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi sun wadatar, tare da fito da kayan su sha iska lokaci-lokaci.

Batun batir ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya, inda ba a san ɗauke wuta ba. Bisa ma'aunin CIPA, D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, saboda tagar leƙenta madubi ce kawai, ba ta cin wuta. RX100 VII kuwa kimanin 260 take yi, G7 X Mark III ma ba ta kai haka ba. Mai hoton da zai wuni daga ɗaurin aure har kai amarya ya san wadda za ta raka shi. Sai dai ƙananan suna da tasu fa'idar, domin ana cajinsu ta igiyar USB daga fawa bank, tsofaffin masu madubi kuwa sai an cire batir an sa a cajarsa an nemi soket.

Idan aka tattara, magidancin da burinsa hoton iyali da tafiye-tafiye ne, idan yana da hali ya sayi ƙarama mai inci ɗaya, idan ba shi da shi ya riƙe kuɗinsa ya ƙara a kan waya mai kyamarar kirki. Matashin da yake son koyon sana'ar, ko ɗalibin Kwalejin Talabijin ta NTA ko Cibiyar Koyar da Fim da ke garin nan, ya nemi mai sauya gilashi ta hannu, ya rage kuɗin jiki ya ƙara a na gilashi. Idan bidiyo ne a ransa ya tabbatar tana da ramin makirfo, ya kuma san cewa yawancin tsofaffin suna yanke ɗauka da kansu kafin minti 30 ya cika.

Wajen sayen ta hannu, ko a shagunan titin Ahmadu Bello ne ko a Banex da ke Abuja, ka je da memorinka da wanda ya san kan abin, kada ka yarda da hoton da aka nuna maka a allon kyamarar kaɗai. Ka tambayi adadin bugun shota, domin na ƙananan masu madubi akan ƙiyasta masa kusan bugu 100,000, kuma wadda ta fito daga hannun mai hoton biki tana iya cinye rabin wannan cikin 'yan shekaru. A Nikon adadin yana rubuce cikin bayanan kowane hoto, a Canon kuwa yawanci sai an haɗa da kwamfuta. Ka cire gilashin ka haska fitilar waya ta cikinsa ka duba fumfuna da hazo, ka murza zobbansa ka ji ko suna cijewa, ka yi gwajin farin bangon nan a gaban mai shagon. Idan ƙarama ce, ka kunna ta ka kashe sau da yawa kana sauraron fitar gilashin da komawarsa, duk wani gurnani ko tsayawa a rabi ya isa dalilin ajiye ta. Sannan ka ware kuɗin batir na biyu da memori tun kafin ka fara ciniki, ka kuma sayi memorin a wurin da za ka iya mayarwa, domin jabunsa ya yi yawa a kasuwa, kuma yakan nuna girman da ba shi da shi har sai ranar da ya cika ya fara cinye hotunan da ke cikinsa.